Dangin Geza

Fom ɗin ba shi da wani tsawo, layi bakwai ne kacal. A layi na biyar an tambayi dangantakar mai ba da bayani da mai bincike. Na ɗora biro na rubuta "babu". Mai ba da bayanin kuwa ita ce ta haife ni.

Sunana Tasi'u. Ina karatun digiri na uku a fannin tsirrai a Sakkwato, ina kuma ɗan taɓa koyarwa. Aikinmu in ka duba da kyau bai wuce na tsohuwar nan da ake samu a kowace unguwa ba, wadda ta san wane ɗan wane ne, ta san wanda aka haifa a gidan da wanda zama kawai ya kawo shi. Kowace bishiya muna ba ta suna biyu, na gidansu da nata na kanta. Gidan da aka ba ni in bincika shi ne wanda littattafai ke kira Combretum, ni kuwa nake ce masa dangin geza. A dazuzzukan Bodinga da Shagari mutum huɗu na gidan nake bi: geza, farar geza, taramniya da ciriri.

In ka ce wa manomi geza da taramniya 'yan gida ɗaya ne, sai ya dube ka ya tausaya wa wanda ya biya maka kuɗin makaranta. Geza 'yar guntuwa ce mai ƙananan ganye, a kan fako take tsiro, da ita ake saƙa kwando. Taramniya bishiya ce sosai, mutum ya zauna a inuwarta. Shi manomi sabara ya sani a matsayin 'yar'uwar geza, tunda kullum tare yake ganinsu. To mu ba tsayi muke dubawa ba, ba ma maƙwabtaka ba. 'Ya'ya muke dubawa. Duk ɗan gidan nan 'ya'yansa busassu ne masu fukafukai, yawanci huɗu, farar geza ce mai biyar. 'Ya'yan sabara kuwa gashi ne da su buzu-buzu, saboda haka gidanta daban.

Ni ɗan fari ne. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Lambara aka kai ni Bodinga riƙo wurin wan mahaifina, Alhaji Shaihu mai shagon yadi, da matarsa Hajiya Adawiyya. Su suka sa ni makaranta. Mahaifina ya rasu ina aji uku na firamare, ya bar Inna da ƙannena. Sunanta Zulai, sana'arta kuma ganye da saiwa da sassaƙe. Ranar kasuwar Shagari takan shimfiɗa buhu a bakin rumfar masu ƙwarya ta baje kayanta. 'Yar mai ganye, kamar yadda ake cewa. A sashenmu kuwa in ana son a yi wa ɗalibi dariya don ya kawo bayani mara hujja, sai a ce, "Kai, nan ba wurin 'yan mai ganye ba ne." Na sha yin dariyar tare da su. Wani lokacin ma ni nake fara ta.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma wannan ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Kunyar ɗan fari ce. Ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ba ta duban idona, in akwai mutane ma sai ka rantse ba ta san ni ba. In dole ta ambace ni sai ta ce "mutumen Bodinga". In na je gaishe ta, da ƙanwata Na'ima take magana ni kuma in ji. "Na'ima, tambayi mutumen Bodinga ko ya ci abinci," alhali ga ni durƙushe gabanta.

Ban taɓa buɗe baki na ce Hajiya Adawiyya ce ta haife ni ba. Bari kawai na yi aka ɗauka haka, shekara da shekaru. Da Alhaji ya rasu, malamar da ke duba aikina, Farfesa Mu'minat, ta zo ta'aziyya har Bodinga. Mutuniyar Ilori ce, amma ta fi shekara talatin a Sakkwato, Hausa kamar jakin Kano. Ta riƙe hannun Hajiya ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, kin haifi yaro mai ƙoƙari." Hajiya ta dube ni, ni kuma na dubi tabarma. Inna tana bayan gida a lokacin, tana wanke tukwanen sadaka.

Abin da ya tona ni toho ne. Manoma na sare taramniya da ciriri duk shekara idan za su yi sharar gona, sai kututturen ya sake fitar da sabon toho. Tohon ba ya fure balle 'ya'ya, ga ganyen duka biyun da danƙo-danƙo in suna ɗanye. Littafin tantancewa kuwa tambayarsa ta farko fure, ta biyu 'ya'ya. Na tara reshe arba'in daga gonakin Danchadi da Sifawa, na matse su cikin tsofaffin jaridu, na yi sati uku ina zura musu ido ban raba su ba. Farfesa ta ce in ban raba su ba, babi na huɗu na kundin digirina ya mutu.

Wata Asabar na je Lambara da jakar rassan a bayan babur, ba don komai ba sai don daga gona na biyo. Na buɗe ta a tsakar gida ina shanya jaridun. Inna na zaune can gefe tana ɓarar gyaɗa. Can sai na ji ta ce, "Na'ima, mi mutumen Bodinga ka yi da ciriri cikin taramniya? Ko miya za shi yi?"

Na'ima ta kwashe rassan ta kai mata. Ba ta ko ajiye ƙwaryar gyaɗar ba. Ta ɗauki reshe, ta shafa bayan ganyen da babban yatsa, ta kankare ɓawon da farce ta shinshina, ta jefa dama. Ta ɗauki wani ta jefa hagu. Kafin ruwan da aka ɗora mini na shayi ya tafasa ta gama da arba'in ɗin.

A ɗakin bincike akwai hanyar raba su, sai dai mai cin rai ce. A bayan ganyen akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ɓawo da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, kuma na kowane iri da fasalinsa. Na yi wata guda ina kankara ina leƙawa. Talatin da tara suka fito yadda ta raba su. Na arba'in ɗin ma da na bi sawu, ni ne na musanya lambarsa.

Da na kai wa Farfesa sakamakon, ta cire tabarau ta ce, "Wa ya fara raba maka su? Kada ka ce kai ne, na ga yadda kake fama."

"Wata tsohuwa ce a wajen Shagari, ranki ya daɗe."

"To cika mata fom, kuma ka kai ni in gan ta. Irin waɗannan ba a aike gare su, zuwa ake yi."

Fom ɗin da na cika ke nan. Daga nan na zauna na yi shiri irin na ɓarawo. Kasuwa ba za ta yiwu ba, don masu ƙwarya sun san ni tun ina yawo ba wando. Gida ma haka, maƙwabta za su cika tsakar gida suna "ga Tasi'u ya zaka da baƙi". Sai na zaɓi dajin kiwo da ke yamma da gari, na ce wa Farfesa a can itatuwan suke. Gaskiya ne a can suke, amma ba shi ne dalilina ba. Ranar Alhamis na je na shaida wa Inna cewa malamarmu za ta zo jibi da hantsi, ta same mu wajen tsohuwar rijiyar makiyaya. Ban ce mata ta ɓoye komai ba. Na san ba sai na ce ba. Kunyar da take yi mini ta ishe ni mayafi, kuma da ita na yi niyyar lulluɓa.

Muka iso da motar sashe, rana ta ɗan ɗaga, muka bar direba a cikinta. An gama girbi, shanu na cikin karan gero. Inna na tsaye gindin wata taramniya, ta riga mu zuwa. Ta ɗaura atamfar da na saya mata da sallar bara, wadda take cewa ta fi ƙarfinta, har karin ninkin bai baje ba. Ta sa takalmin roba sabo, sai dai ƙafar ba ta saba ba, ta cire ɗaya ta riƙe a hannu. Abin da na fara gani ke nan, takalmin nan a hannunta, kuma Allah ya sani haushi na ji.

Farfesa ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Ni na ce, "Sannu, Inna," irin yadda ake ce wa kowace tsohuwa a hanya. Ta amsa tana duban shanu.

Cikin minti goma suka manta da ni. Farfesa ta tsinko 'ya'yan geza ta ɗora a tafin hannu, ta fara bayani a hankali kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya, wai masana sun ce wannan da wancan dangi ne. Inna ta bari ta kai aya sannan ta ce, "Ai ɗiyan ɗaki guda na, Malama. Dibi hukahukansu. Wagga huɗu, waccan huɗu. Hwarar geza ɗai ta ƙara guda, ita ta mai rigima cikinsu, ga ta da ƙaya."

"Sabara fa?"

"Sabara maƙwabciya ta. Zama wuri guda ba shi ne haihuwa ba."

Farfesa ta yi dariya har da tafi, ta ce in rubuta. Na rubuta. Suka bi daji daga wannan kututture zuwa wancan, ni ina biye da jaka da almakashi. Inna ta nuna mata yadda bayan ganyen taramniya yake da kauri da laushi kamar kunnen akuya, na ciriri kuwa sirit yake. Ta nuna mata inda ciriri ke fitar da ƙaro, da launin da ke fitowa in an kankare ɓawon kowanne. Ta ce ƙirga ganye a gaɓa ba abin dogaro ba ne, don taramniya takan jera uku yau, gobe ta jera biyu. Wannan maganar na karanta ta a wata mujalla da Turanci mai wuya, na yi kwana biyu kafin in gane ta.

Na yi alfahari da ita, wannan ba zan ɓoye ba. Sau biyu maganar ta zo mini har baki. Ta farko na ce bari su gama da wannan bishiyar. Ta biyu na tuna fom ɗin da ke kan teburin Farfesa da "babu" a jikinsa, na haɗiye.

Da rana ta take muka zauna a inuwa. Farfesa ta buɗe gorar ruwa ta miƙa mata, ta ce, "Inna, wannan ilimin bai kamata ya tafi da ke ba. Akwai wanda kike koya wa cikin 'ya'yanki?"

"Akwai Na'ima, tana kamawa kaɗan-kaɗan."

"Babu wanda ya yi boko? Da za a samu wanda ya haɗa biyun, da an more."

Inna ta juya takalmin da ke hannunta. "Akwai wani," ta ce. "Shina can wajen mutanen Bodinga."

"Bodinga? Ai garin su Tasi'u ne." Farfesa ta waiwayo. "Ka san shi?"

Ba wanda ya matsa mini. Ba wanda ya riƙe mini wuya. Tambaya ce aka yi mini cikin fara'a, a inuwa, mutum uku kawai a wurin. Na ce, "Bodinga da girma, ranki ya daɗe."

Inna ba ta ɗago ba. Ta sha ruwan, ta rufe gorar, ta mayar wa mai ita da hannu biyu, ta ce akwai wata ciriri babba can gaba in Malama ba ta gaji ba.

Kafin mu tashi Farfesa ta ce duk reshen da muka ɗiba yau, a katinsa za a sa sunan Inna a matsayin wadda ta tantance shi. Katunan nan tare da busassun rassan ake ajiye su a ɗakin adana tsirrai, suna iya shekara ɗari ana karanta su. Na durƙusa na cika su ɗaya bayan ɗaya a kan gwiwata. Muka yi sallama, Inna ta kama hanyar gari a ƙasa, don ta ce mota na sa ta jiri.

Muka wuce Shagari. Farfesa na gaba tana duba katunan, ni ina baya. Sai da muka kusa Sifawa ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Zulai Garba Lambara. Ban ji ka tambaye ta sunan mahaifinta ba."

Na ce ai na taɓa tambaya tun zuwan farko.

"To," ta ce. Ta jera katunan ta ɗaure su da roba. "Shekara talatin ina duban kamanni, Tasi'u, shi ne abincina. Yadda take murza ganye da babban yatsa, na san inda na saba ganinsa. Fom ɗinka na ofis, ban sa masa hannu ba tukuna."

Direba ya ƙara muryar rediyo, Allah ya saka masa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Amma ko a cikin wannan hali, abin da ya fara damuna shi ne yadda zan dubi Farfesa ranar Litinin. Sai da na sauka a Bodinga na ga Hajiya Adawiyya na shanya a tsakar gida, ta tambaye ni ya na baro Inna, sannan ainihin abin ya sauko mini.

Washegari da safe na hau babur na koma Lambara. Tun daga zaure na ji muryoyin mata a ciki, na tsaya ina kakkaɓe takalmi. Muryar Inna ce a sama, abin da ba ta saba ba.

"Wallahi ko ido bai ɗaga ya dube ni ba. Malamar tasu ta tambaye shi, shi ko ya noƙe, ya kasa cewa komi. Ɗiyan zamani wa ka yi maka hakanga? Wani da rungume ni za shi yi gaban mutane, shi kunyata ni."

"Alhaji ya yi tarbiyya, Allah shi jiƙan shi," in ji wata murya. Na gane ta, Gwaggo Shatu ce ta gidan da ke jikin namu, wadda labari ba ya kwana a bakinta.

Na yi sallama. Matan suka amsa da murna, suka yi ta sa mini albarka, sannan suka fice ɗaya bayan ɗaya, Gwaggo Shatu ta ce za ta sauke tukunya ta dawo. Na'ima ta shimfiɗa mini tabarma, ta shige ɗaki ta saki labule. Ita ba ta yarda da labarin ba.

Inna na zaune kan turmin da aka kifar, tana tsinke ganyen geza cikin faifai. Na durƙusa nesa kaɗan kamar kullum. Na gaishe ta, ta amsa wa faifan. Na daɗe ina neman ta inda zan fara. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi, ga shi kuwa ta ɗauki abin da na yi ta wanke shi ta rataya mini a wuya kamar lambar yabo.

"Inna," na ce, "abin da na yi jiya ba kunya ba ce irin wadda kika faɗa musu. Ban so a san ke kika haife ni ba. A takarda ma na rubuta ba mu da dangantaka. Ki yafe mini."

Hannunta bai tsaya ba. Ta tsinke reshen da ke hannunta har ƙarshe, ta jefar da tsinken, ta ɗauki wani. Ba ta kira Na'ima ta tsaya tsakaninmu ba. Da ni ta yi maganar kai tsaye, ko da yake faifan take kallo.

"Na sani."

Ta zuba ganyen cikin faifan, ta ci gaba.

"Kunya iri biyu ta, kuma ba yau nif fara ganinsu ba. Takardarka ka je ka gyara, wannan tsakaninka da malamarka na. Amma mutanen garin ga abin da nig gaya musu shi za su riƙe. Ba ka buɗe baki ka warware shi ba, ko yau ko bayan raina. Ka kunyata ni gaban mutum guda, ya isa. Ba ka ƙara min da gari."

"Inna, ai gara su san gaskiya, ni ne mai laifi..."

"Kai ka ji sanyi, ni in shiga kasuwa da mi?"

Sai ga sallamar Gwaggo Shatu, ta shigo da kwanon fura a hannu, tana tafe tana murmushi. Ta dire shi gabana, ta dafa kaina da tafin hannunta mai ɗumin murhu.

"Sha, ɗan albarka. Yadda kaj ji kunyar uwarka, Allah shi ba ka ɗiyan da za su ji taka."

Inna ta ci gaba da tsinkar ganyenta. Gwaggo Shatu na tsaye a kaina, hannunta bai ɗaga ba, tana jira.

Na ce amin.